Makaron ɗina yana tsagewa, merang kuma yana jiƙewa: mene ne laifin?

Hajiya Rabi, Nima:
Assalamu alaikum. Ina yin makaron na Faransa, ba taliya ba, wannan ɗan biskit ɗin garin almon da farin ƙwai. Tun shigowar damina samansa ke tsagewa, gezar nan ta gindi da ake ce wa ƙafa ba ta tashi. Merang kuwa, wato bugaggen farin ƙwai da sukari da ake busarwa a obin, kafin yamma ya yi danƙo. Obin ɗina na gas ne. Don Allah a taimaka.

Malama Hassana, Mamobi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Laimar Accra ce babbar matsalarki, musamman watan Mayu da Yuni. Sukari yana zuƙar ruwa daga iska. Bayan kin matsa su a tire, sai samansu ya bushe ya yi fata kafin su shiga obin, yadda in kin taɓa ba zai bi yatsanki ba. In babu fatar nan, tururi ta sama zai fasa ya fita, tsagewar ke nan. In akwai, ta ƙasa zai bi ya ɗaga ƙafar. Minti 30 ɗin da kike gani a intanet ba na ƙasarmu ba ne. Nan sai ya ɗauki awa guda ko fiye, gaban fanka ko ɗaki mai esi. Lokacin hunturu ne kawai yake sauri.

Ki riƙa awo da sikeli: farin ƙwai giram 100, sukari 100, garin almon 130, garin sukari 130. Ki tankaɗe garin biyun tare sau biyu. Kwano da maburgin miksa ki goge su da lemun tsami, don ɗigon gwaiduwa ko maiƙo ya isa ya hana kumfar tsayawa. Kala ta ruwa ki bar ta, ki nemi ta gari ko mai kauri. Wajen juyawa, da zarar kwaɓin yana zuba daga cokali kamar zare ba yankewa, ki tsaya. Ki buga tiren a tebur sau biyar iska ta fita.

Malam Awudu, Aboabo, Kumasi:
Hajiya, ki duba wutar ma. Obin ɗin gas ta ƙasa yake zafi, lambar jikinsa kuma ba abin yarda ba ce. Ki sayi ma'aunin zafi ki rataya ciki. Makaron digiri 150, minti 13 zuwa 15, ki ɗora tire biyu ɗaya kan ɗaya. Merang busarwa yake so ba gashi ba: digiri 90 zuwa 100, wajen awa biyu, ki kashe ki bar shi ya huce a ciki. Yana fitowa sai gwangwani mai rufewa gam. Kada ya shiga firji.

Hajiya Rabi:
Allah Ya saka da alheri. Almon ɗin tsada, kashu zai yi?

Malama Hassana:
Zai yi, Hajiya, ga shi ana nomansa a wajen Techiman da Wenchi. Amma yana saurin fitar da mai, ki niƙa shi haɗe da garin sukarin, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ya koma tamkar tunkuza. Makaron ɗin da kika cika da kirim kuma ya kwana a firji, washegari ya fi daɗi. In kin fito da shi kada ki buɗe robar sai bayan minti 20, raɓar ta tsaya a waje.