Maciji mai dafi da maciji mai guba: abu ɗaya ne?

Ɗan Gona: Salamu alaikum. Na ji ana cewa akwai maciji mai dafi, akwai kuma mai guba. Ashe ba duk ɗaya ba ne? Kuma wanda ya ci naman kububuwa zai mutu?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bambancin yana ga hanyar shiga jiki. Dafi galibi sai an zuba shi cikin tsoka ko jini, kamar dafin kibiya ko na kunama. Guba kuwa ci ake yi, ko sha, ko ta taɓa ido da baki. Kububuwa, kasa da kumurci duk masu dafi ne: jakar dafin tana bayan ido, fiƙoƙinsu kuma kamar allura suke. Mesa ba ta da dafi, matsewa take yi.

Maciji mai guba ba shi da yawa a duniya. Wanda aka fi sani shi ne yamakagashi na ƙasar Japan. Yana cin kwaɗi masu guba, sai ya tara gubarsu a bayan wuyansa, duk dabbar da ta cafke shi ta nan sai ta ji a jikinta. Shi kam ya haɗa biyun, don yana da dafi ma.

Naman kububuwa ba guba ba ne, dafin a kai yake. Amma a kula, kan da aka yanke yana iya sara ko bayan macijin ya mutu.

Ma'aikaciyar Jinya: Gaskiya ne, Malam. Sai dai kada wani ya ce tunda dafi ba guba ba ne zai tsotse shi da baki daga inda maciji ya sara. Tsotsa ba ta fitar da komai. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya ko roba, don ɗauri yana kashe tsoka har a kai ga yanke ƙafa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Ban da aspirin da ibuprofen, suna ƙara zubar jini.

Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Mutum na zaune yana hira, sai dasashi ya fara jini. A asibiti ana zuba mililita 2 na jininsa a kwalbar gilashi busasshiya, a bar shi minti 20, sannan a karkata ta. In bai daskare ba, maganin dafi ake bukata, irin EchiTAb da ake amfani da shi a asibitin Kaltungo na jihar Gombe. Kwalbar roba tana ɓata gwajin, don gilashin ne ke tayar da daskarewa. Bayan awa 6 da yin allurar maganin a sake gwadawa.

Baba Makiyayi: In kumurci ya tofa dafinsa a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa, kada a murza, sannan a je likita ya duba.