Namijin dabino: a sare ko a bari?

Alhaji Lawal, Daura: Maganata ɗaya ce: shuka dabino daga ƙwallo asara ce. In ka binne ƙwallo ɗari, kusan rabi maza za su fito, kuma ba ka gane su sai sun yi fure, bayan shekara 4 zuwa 7. Kana ta ba su ruwa da taki, ba ɗa ko ɗaya. Da zarar an gane namiji, a sa mishi gatari.

Malam Isiyaku, Zango: Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, rabin maganarka na karɓa. In ka sare maza kaf, da me za ka yi barbara? Macen da ba ta samu garin furen namiji ba, 'ya'ya uku-uku take fiddawa a gurbi ɗaya, ƙanana, ba ƙwallo, ba sa nuna da kyau. Wa zai saya?

Alhaji Lawal: To ai iska na kai garin.

Malam Isiyaku: Iska na kaiwa in maza sun yi yawa. Da hannu kuwa, namiji ɗaya mai kyau ya ishi mata kusan 50. Ana yanke kwanson furensa da ya fara tsagewa, a shanya a inuwa, ban da rana. In kwanson macen ya buɗe, cikin kwana 2 zuwa 4 a cusa silin furen namiji 2 ko 3 a tsakiyar nata, a kife kansu ƙasa, a ɗaure sako-sako. A yi da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Wanda ya yi jinkirin mako, furen na iya daina karɓa.

Hajiya Binta, Mai'aduwa: Malam ya yi daidai, sai dai ba kowane namiji ake bari ba. A zaɓi mai fure da wuri, mai babban kwanso da gari da yawa. Garin yana taɓa girman ɗan da lokacin nunarsa. Kuma busasshen gari a kwalba mai murfi, cikin firji, yana kaiwa baɗi. Shi ke ceton macen da ta riga maza buɗewa.

Alhaji Lawal: Hajiya, kin dawo kan maganata ke nan. Maza 50 cikin ɗari, ana buƙatar ɗaya ko biyu. Sauran fa? Ko matan ma ba sa gado uwarsu a zaƙi. Ɗan da ya tsiro a gindin uwa shi ne kamarta sak, jinsi da ɗanɗano.

Hajiya Binta: Ɗan gindin yana da tsada, yaya, kuma in aka cire shi bai yi saiwa ba, mutuwa yake. Mai ƙaramin ƙarfi ya shuka ƙwallo kusa-kusa, in sun bayyana ya rage mazan, ya bar biyu a ɓangaren da iskar hunturu ke shigowa. Kada dai ya sare su a shekarar furensu ta farko, don ba a gama gane mai gari ba tukuna.