Shawarwari a zaure: ta ina zan fara karatun tarihin 'yan fashin tekun Ayalan?

Ƙaramar ɗaliba: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. An ba ni aikin rubutu a kan fashin teku a ƙasar Ayalan, kuma duk inda na duba sunan Grace O'Malley, shugabar matuƙa jiragen ruwa ta ƙarni na 16, kaɗai nake gani. Ina neman shawararku a kan abin da ya kamata in karanta.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki fara da ita, domin labarin ya girme ta da fiye da shekara dubu. Ki fara da rubutun da Patrick, waliyyin Kiristocin Ayalan, ya bari da hannunsa, inda ya ba da labarin yadda mahara daga Ayalan suka kama shi a Birtaniya yana ɗan shekara 16, a ƙarni na 5, suka mai da shi bawa, ya yi shekara shida yana kiwo kafin ya gudu. Daga nan ki koma kan Vikings, maharan teku daga arewacin Turai, waɗanda suka fara kai hari Ayalan a 795, suka kafa sansani a Dublin a 841.

Yaya Mai Nazari: Na yarda da Malam, amma ƙanwata, idan kin iso kan Grace, ki nemi littafin Anne Chambers mai suna Granuaile. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zuwanta fadar Greenwich da ke kusa da Landan a 1593, inda ta gana da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya don neman a sako ɗanta da gwamnan lardin Connacht da ke yammacin Ayalan, Richard Bingham, ya tsare. Ki lura cewa jami'an Ingila ne suka fi kiranta 'yar fashi, alhali danginta na ganin haƙƙinsu ne su karɓi haraji daga jiragen da ke ratsa ruwansu a Clew Bay. Na taɓa tsayawa a gindin hasumiyarta ta Rockfleet da yamma, ruwa ya cika har yana dukan bangon dutsen, sai na gane dalilin da ya sa wanda ke riƙe da wannan mashigi yake jin kansa sarki.

Baffa: Ni kuwa ina ganin kudancin ƙasar ya fi wadatar hujjoji. Bayan Ingila ta yi sulhu da Sifen a 1604, matuƙa da yawa suka rasa aiki, suka mai da Baltimore da Crookhaven, garuruwan bakin teku na kudancin Ayalan, mafakarsu, suna sayar wa mutanen gari kayan da suka ƙwato. Connie Kelleher ta yi bayanin wannan dalla-dalla a The Alliance of Pirates.

Malamin tarihi: Baffa ya taɓo wuri mai muhimmanci. A watan Yuni na 1631 jiragen Murat Reis, Baholande ne da ya musulunta, suka afka wa Baltimore cikin dare, suka kwashi mutum fiye da 100 zuwa Aljiyas, kuma kaɗan ƙwarai ne suka sake ganin gida. The Stolen Village na Des Ekin yana da sauƙin karantawa, sai dai ki riƙa bambance abin da takardu suka tabbatar da abin da marubucin ya cike da hasashe.

Ƙaramar ɗaliba: Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan fara da Patrick a wannan makon, sannan in dawo da tambayoyina a kan Baltimore.