Wace rauta ce ba za ta shaƙe min faiba ba?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya aka jawo mana intanet na faiba gida, tsarin megabit 200 na biya. Amma a waya gwaji ba ya wuce 40, a kwamfuta da kebur kuma 94 yake tsayawa cak. Tsohuwar rautata, wato na'urar da ke watsa wayfai a gida, nake amfani da ita, mai eriya biyu, an rubuta 300 a kwalinta. Wace zan saya wadda ba za ta cinye albashi ba? Falo ne da ɗaki uku, ginin bulo.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Yallaɓai. 94 ɗin nan ita ta tona asiri. Kifa rautar ka karanta bayanta, ko ka duba kwalin. In ka ga 10/100, to ramukan kebur ɗinta megabit 100 ne iyakarsu, kuma a gwaji 94 ko 95 suke nunawa. Ko faibar gigabit, wato megabit 1000, aka jawo maka, nan za ta tsaya. 300 ɗin kwali kuwa lissafin wayfai ne a takarda, ba ruwansa da ramin da intanet ke shigowa.

Abba Kurna: Wallahi ramin da na faɗa ke nan bara. Na ga wata mai eriya huɗu tsaye kamar ƙahon barewa, an rubuta 1200 da manyan baƙaƙe, ban tambayi kowa ba na biya. Sai a gida na ga 10/100. Tana nan a kan firij tana shan ƙura.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri, Abba. Abu biyu ake dubawa: ramuka su zama 10/100/1000, wato gigabit, sannan ta zama tana watsa wayfai a zango biyu, 2.4 da 5. A masu sauƙin kuɗi, Archer C6 ta TP-Link ta cika duka biyun, haka Tenda AC10. A kula, Archer C20 da C50 suna da zango biyun amma ramukansu 100 ne. Xiaomi 4A ma iri biyu ce, sai wadda aka rubuta Gigabit a kwalinta. In aljihu ya yarda a ƙara kaɗan a ɗauki Archer AX23 mai wayfai ƙarni na 6, ta fi jure gida mai wayoyi da yawa.

Malam Habu: Kafin ya kashe ko sisi, ina akwatin da masu faibar suka kafa, wanda siririyar wayar ke shiga? Da yawansu suna da ramin gigabit, wasu har da wayfai mai zangon 5. Ya soka kwamfutar kai tsaye a jikinsa ya gwada tukuna. Ni wata shida na yi da na kamfani kawai, sai da yara suka fara kukan ba ya kai ɗakinsu na ƙaro rauta.

Baban Ilham: Malam, wayfai ɗin akwatin a kashe yake, ni na ce su kashe don ina da tawa. Kunya ta kama ni yanzu.

Maman Sultan: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Wacce ce zan iya rufe wa yara intanet ƙarfe 10 na dare ba sai na cire soket ba? Babansu na aiki da dare.

Injiniya: Hajiya, C6 da AX23 duk suna yi ta manhajar Tether a waya. Ki zaɓi wayoyin yaran ki sa musu lokaci, ta Alhaji ba abin da zai taɓa ta.

Ɗan Gwammaja: Ku bar wahala ku sayi MikroTik hAP ac2. Ramuka biyar duk gigabit, zango biyu, ka raba wa kowa gudu daidai da girmansa a gida.

Abba Kurna: Kai dai ko maganin ciwon kai aka tambaya sai ka ce MikroTik. Wa zai saita masa? Kai da sai an kira ka sau bakwai kake ɗagawa.

Ɗan Gwammaja: Sau uku ne, kar ka yi min ƙazafi.

Injiniya: MikroTik na'ura ce mai kyau, amma ta mai son zama da saiti ce. Abin da ya fi damuna bulo. Zangon 5 yana da gudu, sai dai bango biyu ya ishe shi ya galabaita, 2.4 kuma yana ratsawa amma ga cunkoson maƙwabta. Don haka a sa rautar a tsakiyar gida, a sama, ba bayan talabijin ba. In ɗakin ƙarshe ya ƙi, a ja kebur Cat5e a sa ta biyu can. Kuma a duba kan kebur ɗin: gigabit sai da zare takwas, akwai masu arha da huɗu kawai aka matse, su ma a 100 za su tsayar da kai. In akwatin kamfani ne ke raba intanet, sabuwar a sa ta a matsayin mai watsa wayfai kawai, kar su zama shugabanni biyu a gida ɗaya.

Malam Habu: A ware kuɗin ƙaramin batirin nan mai bolt 12 kuma. Akwati da rauta duk ba su da cin wuta, amma in NEPA ta ɗauke, sai ka jira su sake tashi kana tsakiyar taro. A duba cajar kowace dai, akwai masu bolt 9.

Baban Ilham: To jama'a, na kifa ta: 10/100 ne rubuce ƙarara. Na soka kwamfuta a akwatin kamfani, 193 ya ba ni. Gobe zan kira su su kunna wayfai ɗin in ga inda zai kai. In bai kai ɗakin Ilham ba, Asabar sai Farm Centre. Abba, taka ta kan firij nawa za ka bar min ita, in kai shago?

Abba Kurna: Zo ka ɗauka, ka taho min da tsire kawai.