Neman kalma: me za mu kira means test da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, masu fassara da 'yan jarida da malamanmu na Hausa don Allah ku matso kusa. Akwai kalmar da take ta dawowa duk sanda aka ɗauko labarin garambawul ga tsarin tallafi a Birtaniya, wato means test, kuma har yau kowa da yadda yake juya ta. Wani ya ce gwajin talauci, wani ya ce tantance mabuƙata, wani ma sai ya bi kalma-kalma ya rubuta gwajin hanya wanda ko kusa bai taɓo ma'anar ba. Ina so mu tsaya a kan abu guda. Ni dai shawarata a ce awon samu, bari in kawo dalilaina sai ku kawo naku. Wasunku sun riga sun turo shawarwari da tambayoyi, zan amsa su a ƙasa.

A aikace abin da ake nufi shi ne, kafin gwamnati ta ba ka tallafi sai ta duba nawa kake samu, wani lokacin har da abin da ka ajiye, in ka wuce wata iyaka a rage maka ko a hana ka gaba ɗaya. Kishiyarsa shi ne tallafin da ake ba kowa ba a tambayi aljihunsa ba.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne kuɗin yara, wato tallafin da gwamnatin Birtaniya ke ba iyaye a kan 'ya'yansu. Asalinsa dokar 1945 ce, aka fara biya a watan Agusta 1946, sule 5 duk mako ga kowane yaro amma ban da na fari. Wata 'yar majalisa mutuniyar Liverpool, Eleanor Rathbone, ita ta kwashe shekaru tana wannan fafutuka, kuma da daftarin dokar ya zo da cewa uba za a riƙa ba kuɗin ta tsaya kai da fata sai da aka mayar da shi hannun uwa, sai dai ta rasu a Janairun 1946 ba ta ga ranar da aka fara biya ba. Daga baya dokar 1975 ta zamanin minista Barbara Castle ta kawo tsarin da ake kai yanzu, aka shigo da shi a hankali daga 1977 zuwa 1979, ya haɗa har da ɗan fari. Duk tsawon wannan lokaci ba a duba albashin kowa, matar lebura da matar manajan banki kuɗi ɗaya suke karɓa, kuma da gangan aka yi haka.

Sai a Oktoba 2010 ministan kuɗi George Osborne ya ce ba zai yiwu ana tsuke bakin aljihu kuma ana ba masu babban albashi kuɗin yara ba. Daga Janairu 2013 aka fara: in ɗaya daga cikin iyaye yana samun sama da fam 50,000 a shekara sai hukumar haraji ta fara karɓe kuɗin, in ya kai fam 60,000 ta karɓe duka. A Afrilu 2024 ministan kuɗi na lokacin Jeremy Hunt ya ɗaga iyakar, yanzu daga fam 60,000 ake fara zaftarewa, kashi 1 cikin 100 a kan kowane fam 200 da ya hau, har ya ƙare ƙaf a fam 80,000. Kuɗin da ake magana a kai a shekarar 2024 zuwa 2025 fam 25.60 ne duk mako ga babban yaro, fam 16.95 ga kowane ƙaninsa.

To ku duba da kyau, a nan gwajin talauci ya faɗi warwas. Mutumin da ke ɗaukar fam 65,000 a shekara ba talaka ba ne kuma babu wanda yake binciken ko talaka ne, abin da ake nema a gano shi ne wa ya yi sama a karɓe daga hannunsa. In mai karanta labarai ya ce an sa wa kuɗin yara gwajin talauci, mai sauraro a Kano ko Maraɗi zai ɗauka sai faƙiri tukuf ake ba, alhali yawancin iyalai a Birtaniya har gobe suna karɓar nasu cif-cif.

Tantance mabuƙata kuwa ta fi daɗin ji, kuma na san gidajen rediyo sun fi sabawa da ita, amma matsalata da ita babba ce, ta riga ta yanke hukuncin abin da ake gardama a kai. Da ka ce an tantance mabuƙata ka gama cewa wanda aka cire ba shi da buƙata, kuma ainihin abin da masu adawa suke musu kenan. Ga misalin da aka yi ta bugawa da shi tun 2013, lokacin da iyakar take fam 50,000: mata da miji kowanne yana samun fam 49,000, gidan na shigar da fam 98,000, ba a taɓa musu ko kwabo ba. Maƙwabciyarsu bazawara mai 'ya'ya uku ita kaɗai ke aiki tana samun fam 60,000, an karɓe nata duka. Wa ya fi buƙata a nan fisabilillahi? Tsarin bai auna buƙata ba sam, albashin mutum ɗaya ya auna. Kalmar da za mu zaɓa ya kamata ta faɗi abin da aka yi kawai, ta bar mai karatu ya yanke ko an yi adalci.

Shi ya sa na tsaya a kan awo da samu. Samu kalma ce da kowa ya sani, muna cewa samu da rashi, muna cewa wane yana samu, kuma ta ɗauki albashi ta ɗauki ribar kasuwa ta ɗauki kuɗin haya. Awo kuma ba cin jarabawa ko faɗuwa ba ne, adadi yake ba ka, kamar dai awon ciki da mata ke zuwa asibiti, a duba a rubuta abin da aka gani. Wannan ya dace da yadda abin yake tafiya tunda mai fam 70,000 ba hana shi aka yi ba, rabi ake karɓewa a bar masa rabi. Gwaji ba ta da wannan, ita gwaji ko ka haye ko ka faɗi.

Yaya da ya kawo gwajin arziki, na gode ƙwarai amma arziki a bakin Bahaushe ya wuce kuɗi, lafiya arziki ce, 'ya'ya arziki ne, ɗan arziki ma ba mai kuɗi ake nufi ba. Haka duba hali, da ka faɗa sai wani ya ji kamar ɗabi'ar mutum za a bincika duk da muna cewa mai hali. Auna ƙarfi ta ɗan ja hankalina saboda muna da masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ta yi kusa da gwada ƙarfi.

Malam, Allah ya gafarta, shawarar nisabi ta yi kyau matuƙa kuma wallahi wajen yi wa dattijo bayani babu abin da ya kai ta sauri, ka ce masa akwai adadin da in ka kai shi hukuncinka ya canja, nan take zai gane. Amma nisabi kalmar zakka ce mai hukuncinta a shari'a, adadinta ba ya motsi da ra'ayin wani, ita kuwa wannan iyaka minista ne yake ɗaga ta ko ya bar ta a kasafin kuɗi yadda ya ga dama, shekara 11 ta yi a fam 50,000 ba ta motsa ba albashi na hawa mutane na ta faɗawa ciki. Ina ganin a bar nisabi a muhallinsa, a ce iyakar samu.

Akwai wani abu da nake so kalmar ta iya ɗauka, shi ne nauyin da take da shi a kunnen Baturen Ingila. A 1931 lokacin da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Ramsay MacDonald ta sa wa marasa aikin yi da inshorarsu ta ƙare wannan awo, kuma na gida duka aka yi. Jami'i zai shigo har ɗaki ya duba kujeru da kayan gida, abin da ya ga za a iya sayarwa a ce a sayar tukuna, in ɗanka ko 'yarka na ɗan aiki a lissafa a rage maka, har samari suka riƙa barin gidan iyayensu don kar a yanke wa uba tallafi. Sai 1941 aka soke awon gida irin wannan amma tabon bai goge ba. Mu da muka san darajar rufin asiri ba sai an yi mana dogon bayani ba, mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce sai ya baje sirrin gidansa gaban baƙo kafin a taimake shi. Awon samu tana iya ɗaukar wannan, in ka ce mai awon samu ya zo gida za a ji abin a jiki.

Ra'ayina a kan asalin gardamar ba zan ɓoye ba, a kuɗin yara dai ina tare da masu cewa a ba kowa, in ana so a karɓa daga mai kuɗi ga haraji nan. Hujjar ɗaya ɓangaren ba wasa ba ce, suna cewa me ya sa direban bas zai biya haraji a ba wa likita kuɗin madara, kuma baitulmali ba rijiya ba ce. Amma ku ga abin da awon ya haifar, iyaye da yawa da suka ga za a karɓe kuɗin sai suka ƙi cike fom ɗin neman kuɗin kwata-kwata, ba su san cewa wannan fom ɗin shi ne yake sa a riƙa lissafa wa uwar da ke gida tana reno shekarunta na fansho har yaro ya kai 12 ba. Galibi mata ne abin ya faɗa wa, kuma sai an tsufa ake ganin asarar. Wasu kuma masu albashi da ba su taɓa cike takardar haraji da kansu ba sai ga wasiƙar bashi da tara.

Hajiya da ta tambaya ko wannan shi ne dokar 'ya'ya biyu, a'a ba shi ba ne. Waccan an kawo ta a Afrilu 2017 a kan wani tallafin daban na masu ƙaramin ƙarfi irin su Universal Credit, ta taƙaita biya ga 'ya'ya biyu na farko, shi kuɗin yara ko goma ka haifa kowanne da nasa. Universal Credit ɗin ma ai shi ne cikakken mai awon samu, don har ajiya yake dubawa, in kana da sama da fam 16,000 a ajiye ba ka ciki.

Ɗan'uwa daga Damagaram ya tuna mana da abu mai muhimmanci, cewa kalmar za ta yi mana aiki a gida ma. Tallafin naira 5,000 a wata da aka riƙa ba gidaje zamanin Buhari da na sefa 10,000 a Nijar duk sai da aka zaɓi waɗanda za a ba, kuma tunda manomi ba shi da takardar albashi sai a duba alamomi, rufin ɗakinsa, dabbobinsa, yawan bakin da yake ciyarwa, a haɗa maki. Wannan ba awo ba ne kai tsaye, don haka ni zan kira shi ƙiyasin samu, a bambanta su.

Ga yadda nake jin za ta zauna a labarai: gwamnati ta sa wa kuɗin yara awon samu. An ɗaga iyakar samu zuwa fam 60,000. Akwai tallafi mai awon samu akwai tallafin kowa da kowa. Kuma za a iya ƙara mata jela in an so, awon samun mutum ɗaya da awon samun gida, wanda za a buƙace shi sosai tunda Hunt ya yi alkawarin komawa lissafin gida duka amma ministar kuɗin da ta gaje shi, Rachel Reeves, ta jingine shirin a kasafin Oktoba 2024. Masu karanta labarai ku ɗan gwada ta da baki ku ji ko tana sarƙe harshe, mutanen Sakkwato da na Gana kuma ku faɗa mana in samu tana da wata ma'ana a wajenku da za ta kawo ruɗani.