Da likita ya ce sai an yi aiki, wa ya biya kuɗin?

Maman Hanifa, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Nuwamban 2024 da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta, magana biyu nake ji a gidajen barka da suna. Wata ta ce an yi mata ba ta ba da ko sisi ba, wata ta ce sai da aka sayar da akuyarta. Ina roƙon waɗanda abin ya faru da su, ko da matansu, ko da 'yan uwansu, su faɗa mana yadda aka yi. Da aka ce haihuwa ta gagara sai an yi aiki, me aka ce ku kawo, daga ina kuɗin ya fito, kuma wa kuke ganin ya kamata ya biya? Don Allah kar a kama sunan asibiti ko na ma'aikaci. Ni dai a wurina macen da ke tsakanin rai da mutuwa ba a tsayawa lissafi a kanta, kuma nauyin gwamnati ne.

Baban Sadik, mai Adaidaita Sahu

Wa alaikumus salam. Matata ba ta taɓa fashin awo ba, kullum ana cewa lafiya lau. Daren da naƙuda ta tashi ni na kai ta da kaina. Gab da asuba nas ta leƙo ta ce yaron a gicciye yake, sai an shiga da ita. Tsakani da Allah, aikin kansa ba a ce in biya ba. Amma aka miƙo min takarda: ledojin ƙarin ruwa, allurai, safar hannu, zaren ɗinki, robar fitsari, auduga, sai jini leda biyu. Na je ɗakin maganin asibitin suka ce rabin kayan babu. Na fita titi duk kyamis a rufe, sai wani guda da mai shi ke kwana a ciki, na yi ta dukan ƙofa har ya tashi.

Jini kuma aka ce sai na kawo masu bayarwa, sannan in biya kuɗin gwaji da na leda. Ƙanena ya ba da ɗaya. Wani bawan Allah da ke jinyar mahaifinsa ya ji muna magana, ya taso ya naɗe hannun riga ya ba da ɗayar, har yau ban san sunansa ba, Allah ya saka masa da aljanna. Kuɗin balas ɗin mai mashin da ke aljihuna na taɓa, na jinginar da wayata, surukata ta kawo kwasar adashinta da take tanadin kayan ɗakin autarta. Duk wannan zirga-zirgar da nake yi, ita tana kwance a bakin ɗakin tiyata tana riƙe da ƙarfen gado, gari ya waye sarai kafin a shiga da ita. Alhamdu lillahi ta tashi, yaro ma yana nan. Amma ragon suna sai daga baya aka yanka, bashin kuma ya daɗe a wuyana.

Anti Nas

Baban Sadik, Allah ya raya mana Sadik. Ni ungozoma ce a asibitin gwamnati, kuma irin wannan takardar da hannuna nake rubuta ta, ba da son raina ba. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Yawancin ɗakunan maganinmu da asusun juyi suke aiki: a sayar da magani, a ɗauki kuɗin a sayo wani. Tsari ne da ya samo asali daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987. To idan aka ce a ba mai haihuwa kaya ba tare da ta biya ba, dole gwamnati ta mayar wa asusun kuɗinsa. In ta yi jinkiri, kantar magani ta bushe, macen da ta zo daga baya ita za a miƙa wa mijinta takarda. Ƙari a kan haka, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma naira ta faɗi, magani ya yi tashin gwauron zabo, domin akasarinsa daga waje ake shigo da shi ko kayan haɗa shi. Ga man janareta, ɗakin tiyata ba ya aiki a duhu.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, kuma ita ce ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Doka ce mai kyau, sai dai likitan da ya buɗe durowa bai ga zaren ɗinki ba ba zai tsaga cikin mutum ba. A ɗakinmu muna da kwali da muke tara ragowar kayan da waɗanda aka sallama suka bar mana, mu ƙara da karo-karo daga aljihunmu. Da shi muke ceton wadda aka kawo ba kowa a bayanta. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, kasafin tarayyarmu bai taɓa kusantar nan ba. Wanda zai yi fushi, a nan ya kamata ya fara.

Alhaji na Kantin Kwari

Hajiya Maman Hanifa, ki yi haƙuri, ni ban yarda a ce komai gwamnati ba. Duk inda aka ce an daina karɓar kuɗi, ba a daɗewa sai ka tarar babu kaya, kamar yadda ita malamar asibiti ta faɗa da bakinta. Da aka ce za a yi wa iyalina aiki, asibitin kuɗi na kai ta, na biya mai yawa, amma ban yi yawon neman safar hannu ba. Mai hali ya biya cikakke, kar ya je ya tsare gadon talaka. Talaka kuma a sa shi a inshora, kowa ya riƙa zuba kaɗan tun yana lafiya. Mu ma 'yan kasuwa da laifinmu. Da kowane layi a kasuwa zai ɗauki nauyin masu haihuwa na asibiti ɗaya daga zakka da sadaka, da an rage kuka.

Malam Abban Yusra, ma'aikacin tarayya

Alhaji, inshorar da kake faɗa ina cikinta, kuma ta yi min rana. Tsarin ya fara aiki a 2005, a 2022 aka sabunta dokar, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta zama NHIA, har aka ce wajibi ne a kan kowa. Da aka yi wa uwargidana aiki, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kaɗai na biya. Wahalar da na sha ita ce jiran lambar izini daga kamfanin da ke tsakaninmu da asibiti, cikin dare ana ta kira ba a ɗauka, sai da likitan ya ce a shiga da ita a nemi lambar da safe.

Amma katin ma'aikaci mace ɗaya yake ɗauka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran sai ka biya musu daban. Da amaryata ta samu jijjiga a cikin fari aka ce a ciro yaron nan take, ba ta cikin katin, sai da na ci bashin ƙungiyar ma'aikata. Gida ɗaya, aiki iri ɗaya. Kuma ni mai albashi ne ana cira kai tsaye. Mai Adaidaita da mai sayar da ƙosai fa, wa zai biya musu in ba gwamnati ba?

Hajiya 'yar Maraɗi

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar tun zamanin Tandja Mamadou aka ɗauke kuɗin aikin haihuwa, a 2005, a 2006 kuma aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Farko-farko mata sun ji daɗi ƙwarai, ana zuwa likita ba tsoro. Daga baya gwamnati ta tara bashin gidajen likita ba ta biya a kan lokaci, sai aka koma rubuta ordonansi, wato takardar magani, kana zuwa farmasi. Da ɗiyata ta kasa haihuwa a ƙaramar likitar garinmu, mu muka zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya mai aka kai ta birni. Aikin ba a karɓi ko dala ba, amma magani ya ci jikkuna da dama. A watan Satumban 2024 gwamnatin soja ta rage kuɗin likita da rabi, ta ce haihuwa ba biya. Muna murna, muna kuma addu'a Allah ya sa a riƙa biyan gidajen likitar, don mun ga abin da rashin biyan ya jawo.

Ɗan Zangon Kumasi

Alhaji na Kwari, a Gana an haɗa maganarka da ta Hajiya Maman Hanifa wuri ɗaya. Da can sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. A 2003, zamanin shugaba Kufuor, aka kafa inshorar ƙasa, kuma babban kuɗinta daga harajin kashi 2.5 cikin 100 ne da ake ɗorawa a kan kayan saye, wato kowa na zubawa ko bai sani ba. Daga 2008 mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga. Da kati aka yi wa yayata aiki, mun dai sayi wasu magunguna a waje. Nan ma asibitoci na kukan jinkirin biya.

Ɗan Ƙauye, Jigawa

Duk ku kuna maganar wanda ya isa asibiti ne. Mu kuɗin yana farawa tun daga ƙofar gida. Ƙanwata ta kwana ta wuni tana naƙuda a ɗaki, mijinta yana ta jan ƙafa don ya san ba shi da kuɗin shatar mota, balle na abin da za a ce ya kawo. Damina ce, hanya ta yanke, a amalanken shanu aka fito da ita zuwa bakin titi. Yaron bai zo da rai ba, ita kuma ta samu yoyon fitsari. A Jahun likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, MSF, suka yi mata gyara ba mu biya komai ba, har abinci ana ba ta. Na gode musu har abada, amma raina yana ɓaci in na tuna baƙi ne suka zo daga wata duniya suka yi mana abin da hukumarmu ya kamata ta yi. Da mijin nan ya tabbata ba za a tambaye shi kuɗi ba, da tun daren farko ya fito da ita.

Ummu Khairat

Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ɗan uwa. Ni shaida ce sabon tsarin da minista ya sanar yana aiki a wasu wurare. A 2025 aka yi min, aka tambayi sana'ar maigidana, aka cike takarda, kayan aiki duk suna nan a haɗe, har aka sallame ni ba mu biya ba. Sai dai ba kowane asibiti ke ciki ba, zaɓaɓɓu ne, mu ma dace muka yi aka tura mu can. Maƙwabciyata da ta je wani asibitin a watan nan guda sai da suka biya. Me ya sa ba za a riƙa karanto sunayen asibitocin a rediyo ba?

Anti Nas

Ummu Khairat, tambayarki a kan hanya take, mu ma mun sha faɗa a taro. Kafin a yi hakan, duk mai ciki ta tambaya tun ranar awo ko asibitin da take zuwa yana cikin tsarin, in ba ya ciki wanne ne mafi kusa. 'Yan Kano kuma su je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha su yi rajista tun cikin yana ƙarami, don kati ba ya fara aiki ranar da aka yanke shi. Jini kuwa ko an ɗauke muku kuɗin komai sai an samu mai bayarwa, don haka maigida ya san rukunin jinin matarsa, ya yi magana da mutum biyu cikin dangi tun cikin yana wata bakwai, ya ajiye lambobinsu a waya.