Gangaren keken naƙasassu a ƙofar ɗakin shan magani: mita nawa ya kamata?

Mai gini a Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina gina ƙaramin ɗakin shan magani mai zaman kansa a nan Damagaram. Saboda ruwan da ke kwanciya a layinmu da damina, magini ya ɗaga daɓen ginin santimita 60 daga ƙasa, ya yi matakala huɗu a bakin ƙofa. Yanzu an ja hankalina cewa mai keken naƙasassu ba shi da ta inda zai shiga, shi kuwa magini ya ce zai zuba gangaren siminti na mita 2 a gefen matakalar, magana ta ƙare. Shin dokar ta hau kan ginin da ba na gwamnati ba? Kuma mita 2 ɗin ta wadatar?

Tsohon ma'aikacin gine-gine:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Mita 2 ba ta wadatar ba, ko kusa. Ma'aunin da ake bi a Amurka da ƙasashe da dama shi ne kowace santimita 1 ta tsayi tana buƙatar aƙalla santimita 12 na shimfiɗa, saboda haka santimita 60 ɗinka tana neman mita 7 da santimita 20. Ƙa'idar Faransa, wadda yawancin masu zanen gini na ƙasar nan suka karanta, ta fi haka tsauri, domin tudun kashi 5 cikin 100 ta fi so (santimita 5 na tsayi a kowace mita 1 ta shimfiɗa), wato mita 12 ke nan a ginin naka. Abin da magininka ke shirin yi ya kai kashi 30 cikin 100, kuma a irin wannan tudu ko dai keken ya kife da mai shi ta baya wajen hawa, ko ya ƙwace wa mai turawa wajen sauka.

Ka bar fili shimfiɗaɗɗe na mita ɗaya da rabi a gaban ƙofa, domin mutum ya tsaya ya buɗe ba tare da keken ya koma da baya ba. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90, a sa ƙarfen riƙewa gefe da gefe, kuma kada a yarda a shimfiɗa karo (wato tayil) mai sheƙi a kan gangaren. Siminti mai kaushi ya fi, musamman da yake ƙurar hunturu kan mai da karo santsi.

Mai keke daga Zango:

Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da littattafan Turawa ba su lissafa ba. Waɗannan ma'aunai an yi su ne don keken asibiti mai manyan ƙafafu biyu, alhali mafi yawanmu a Damagaram keke mai ƙafa uku muke hawa, irin wanda masu walda ke ƙerawa, ana juya shi da hannu. Ya fi wancan tsawo, kuma ba ya juyawa a wuri ɗaya, sai ya yi kwana mai faɗi. Shi ya sa za ka ga an yi gangare, amma kekunanmu suna jere a waje, masu su sun sauka sun shiga da rarrafe. A ɗakin shan magani kuwa, inda marasa lafiya ke tofi da amai, rarrafe da tafin hannu ba ƙaramar cutarwa ba ce.

Sannan a duba ƙasan gangaren. Na san wata ma'aikata da ta yi gangare mai kyau, amma ƙarshensa ya faɗa cikin rairayi, ga kuma babura ana ajiyewa a kansa kullum saboda nan ne inuwa take. Idan ba a daɓe hanya daga bakin titi zuwa gindinsa ba, an yi asarar siminti kawai. Makewayi ma haka: idan masai ne na tsuguno, da ƙofa ƙarama mai buɗewa ciki, babu ƙarfen riƙewa a bango, to da yawanmu mun gwammace mu ƙi shan ruwa tun safe da mu shige shi. Alhaji, kafin a zuba siminti ka aika a kira mai keke ɗaya ko biyu, ta hannun sarkin guragu ko reshen tarayyar naƙasassu ta ƙasa, a shata wurin da toka su gwada.

Malama daga Birni:

Game da doka, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 9 ya ambaci makarantu, wuraren kiwon lafiya, hanyoyi da wuraren aiki, ya kuma ɗora wa gwamnati alhakin tabbatar da cewa masu zaman kansu da ke buɗe ƙofarsu ga jama'a sun kula da wannan. A cikin gida akwai dokar 1993 da aka yi wa gyara a 2010, sai doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamban 2019. Saboda haka kasancewar ginin naka ne bai fitar da kai ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa hannu kan tasu dokar a Janairun 2019, suka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, wanda ya cika a 2024.

Kada kuma a manta cewa naƙasa ba ta tsaya ga ƙafa ba. Kurma ba ya jin kiran suna a layi, sai an nuna masa lamba ko an taɓa shi, makaho kuma yana buƙatar hanya marar tarkace da wanda zai karanta masa yadda zai sha magani.

Mai gini a Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Damuwata ita ce filin da ke tsakanin ƙofa da titi bai wuce mita 5 ba.

Tsohon ma'aikacin gine-gine:

To kada ka fuskantar da shi titi, Alhaji, ka kwantar da shi a jikin bango. Idan bangon bai kai ba, a raba shi biyu, mita 3 da santimita 60 kowanne, da wurin juyawa a tsakiya, wanda faɗinsa sai a auna da keke mai ƙafa uku kamar yadda ɗan'uwanmu na Zango ya faɗa. A bar ƴar kafa a ƙarƙashinsa domin ruwan damina ya wuce, in ba haka ba gangaren zai tare ruwan ya mayar maka da shi gindin gini.